Daga Ɗaya Zuwa Goma

Da na farfaɗo a Dala, maƙogwaro a bushe,
Sista Kubura ta duƙo kaina ta ce,
"Malam Sabitu, ciwon nan, daga ɗaya zuwa goma, nawa ne?"
Ni da na shekara ashirin ina ƙirga buhu a Singa
ban taɓa jin ana ƙirga zafi ba.
Na ce, "Alhamdu lillahi."
Ta ce, "Wannan ba lamba ba ce."
Na ce, "To, takwas."

Amma ƙafar hagu ta yi tsit.
Wutar nan mai gangarowa daga ƙugu zuwa babban yatsa,
wadda ta yi wata tara tana kwana a tabarmata,
na laluba, na rasa ta,
kamar maƙwabci mai injin markaɗe
ya tashi cikin dare bai yi sallama ba.

Likita ya ɗaga hoto a fitila:
ɗan guringuntsi tsakanin ƙashi da ƙashi,
ko ƙwallon dabino bai kai ba,
shi ya ɓullo ya danne jijiya,
shi ya kayar da ƙaton da tirela ba ta kayar ba.

Ranar sallama na haddace ramukan hanyar Kurna.
Mai adaidaita ya tuƙa kamar ya ɗauko ƙwai,
Allah ya yi masa albarka,
amma rami rami ne.

Ƙwayoyin suna hannun Tasalla,
cikin gwangwanin madara, can saman sif.
Ni na ce ta ɓoye.
Na ga yadda irinsu suka yi da Ɗanliti,
wanda muka fara dako rana ɗaya,
yanzu a tsaye yake gyangyaɗi, bakinsa a sake.
Fara da safe, ja bayan isha'i,
ƙarfe biyun dare kuwa, daga ni sai haƙorana.
"Ƙara min ɗaya."
"Sai lokaci ya yi."
"Ke ba ki da imani ne?"
Ba ta tanka ba. Ta cusa filo tsakanin gwiwoyina,
ta ɗauki mafici, don an ɗauke wuta,
muna nan har ladan ya raba gardama.

'Yan dubiya sun zo da lemo, da ayaba, da fatawa.
Wannan ya ce kitsen damo, wancan ya ce ƙaho,
wani ya san wani mai ɗori.
Na ce Allah ya bar zumunci.
Da suka fita na yi atishawa guda,
na ga taurari da rana tsaka.

Mai gashin ƙashi ya koya min tashi, da gemuna:
mirgina kamar gungume, sauke ƙafa, tura da hannu.
Ban da sunkuyo, ban da murɗa jiki,
ban da ɗaukar abin da ya fi buta nauyi.
Walida ta ɗaga hannuwa, "Baba, ɗauke ni."
Ta fi buta.

Shekaranjiya daga ɗaki zuwa zaure.
Jiya har famfo.
Yau na kai teburin mai shayi,
na sha a tsaye, kamar mai gaggawa,
ni da ba inda za ni.

Abin da ban faɗa wa likita ba:
a masallaci an ajiye min kujerar roba
a gefen sahu, wajen tsofaffi.
Jama'a su faɗi sujada, ni in rage a sama
kamar hular da aka manta a ƙusa.
Goshina yana kewar ƙasa.

Ran Talata na koma, mako na shida.
A gwangwani saura uku, ban waiwaye su ba.
"Yau nawa ne?" in ji Sista Kubura.
"Biyu."
Ta ɗauki biro za ta rubuta min wani abu.
Na ce, "Bar min biyun nan, Sista.
Su ne ke taɓa ni a ƙugu
duk sanda na hangi buhu, hannuna ya fara ƙaiƙayi."